Adda a Hannun Hagu

Ranar wata Alhamis ce, kwana biyu bayan ruwan shuka, a shekarar da na shiga aji shida na firamare a Wurno. An aike ni bayan shagon gidanmu, wato ɗakin waje da muke ba da haya, in kamo wata ja'irar akuya da ta tsinke igiya, sai na ji wani huci yana fitowa ta tagar ɗakin, irin na mai faskare. Nan take na manta da akuya. Na mirgino tsohon turmin Inna da ya tsage, na kife shi, na hau, na sa ido ɗaya ta inda labule bai rufe ba. Daga nan ba a hango tsakiyar ɗakin. Abin da ke fuskantar taga shi ne wani dogon madubi da ke jikin kabad ɗin tufafi, kuma a cikinsa na ga komai. Na ga talabijin, a ciki wani gajeren mutum ba riga, tsaye tsakanin itatuwan ayaba, yana ɗaga adda a hankali, ya sauke, ya sake ɗagawa, yana magana da wani harshe da ban taɓa ji ba. Na kuma ga Malam Bitrus, mai haya a ɗakin, ya ture kujeru gefe, daga shi sai singileti, riƙe da addar itace, yana bin mutumin taki bayan taki. Dukansu biyu da hannun hagu suke riƙe da addar. Ban sauka daga turmin nan ba sai da aka ɗauke wuta. Akuya kuwa ta riga ta gama da rabin irin waken da Inna ta shanya, kuma ni na biya da fatar bayana.

Malam Bitrus ma'aikacin lafiya ne, mutumin Kudancin Kaduna, dogo, mai sanyin magana. Da safe yakan hau babur ya nufi Magarya da ƙauyukan wajen Rabah, yana raba ƙyallen tace ruwa saboda kurkunu, ya dawo bayan azahar da jan idanu. Ba shi da gona ko taki ɗaya, ba shi kuma da abokin faɗa. Mutum ne da ko kaza ta shiga masa ɗaki sai ya lallashe ta ta fita. Sha'awa ce kawai Allah ya ɗora masa. Wani ɗan'uwansa ne ya kawo masa kaset ɗin bidiyon daga kudu, masassaƙin unguwarmu ya sassaƙa masa addar itace, shi ke nan ya samu abin yi duk yammacin da aka kawo wuta. Mu yaran gida ba ma shiga ɗakinsa. Baba ya kafa doka tun ranar da ya tare: "Ɗakin baƙo ba dandali ne ba. Wanda duk nig gani ciki, shi yi kuka da kainai." Baba bai ce komai a kan taga ba, ni ma ban je na tambaye shi ba.

Ba don wasa kaɗai na ci gaba da hawa turmin ba. Gidanmu da ƙafa biyu yake tsaye. Da damina muna noma gero da dawa da wake a tudu, abin da ba ya kai mu ƙarshen shekara. Da rani kuma muna dasa albasa a fadama, da ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo, ya biyo babban kanal, ya rabu cikin ƙanana har ya iso bakin fangalinmu. Albasar nan ita ke cika rumbu idan gero ya ƙare, ita ke ɗinka mana rigar sallah. Amma kafin a saki ruwa sai an yi yashe. Da damina shalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, takan toshe ƙaramin kanal ɗinmu har ya zama ba a gane shi, don haka bayan girbi kowane gida mai fangali a layin sai ya ba da namiji ɗaya da addarsa. Gidan da bai ba da ba, ko aka fitar da mutuminsa daga layi saboda wani laifi, ba a buɗe masa ruwa a zagayen farko. Wanda kuwa ya rasa zagayen farko, dashensa ya bushe a wurin reno, ya yi sallama da albasa sai baɗi. A wannan shekara, tun kafin ruwan shuka, kurkunu ya ɓullo wa Baba a idon sawun dama, daga baya wani ya sake ɓullowa a gwiwa. Yana kwance a zaure, Malam Bitrus na naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kowace safiya. Yayyena duk mata ne. Ba sai an gaya mini wanda zai shiga layi ba idan ƙafar nan ba ta warke ba.

Haka na kwashe damina ina karatu a kan turmi. Mutumin cikin kaset ba ya gaggawa, kowane motsi sai ya maimaita shi sau uku. Ya nuna yadda ake kafa ƙafa, yadda sara ke tasowa daga ƙugu ba daga kafaɗa ba, yadda ake sakin wuyan hannu a ƙarshe don kaifi ya yi aikin da kansa. Wani lokaci ciyawa yake sara, wani lokaci wani abokinsa ya fito su yi ta kai wa juna da karewa da addunan itace, tas, tas, tas, ba mai taɓa wani. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hannun. Na sha ganin Malam Bitrus yana rubutu da dama, yana allura da dama, yana cin tuwon da Inna ke aika masa da dama, amma da ya ɗauki adda sai hagu. A garinmu kuwa ko canji ka miƙa wa babba da hagu sai ka ji ranƙwashi, a makaranta malamin aji ɗaya ya karya rula biyu a kan yatsun wani bahago har ya koma dama. Sai na yanke wa kaina hukunci, da irin wayon ɗan shekara goma sha biyu, cewa ai asirin ke nan: gwanaye da hagu suke sara, mutanen Wurno ne kawai ba su sani ba. Wallahi har tausayinsu nake ji.

Na fara da karan dawa a bayan rumbu. Daga baya, duk sanda aka aike ni yanko wa awaki ciyawa, sai in bar lauje in saci tsohuwar addar Baba, in tafi can gefen gona inda ba kowa. Na wasa ta a dutse yadda na ga ana yi, har tana aske gashin hannu. Da farko hannun hagun kamar ba nawa ba, addar takan kufce ta tafi ta bar ni, sau biyu na kusa raba kaina da babban yatsan ƙafa. Amma kafin gero ya fitar da kai, hannun ya miƙe. Ina yanko damin ciyawa cikin rabin lokacin da nake yi a da, in dawo in tarar ana langa a ƙofar gida in shiga, Inna tana ta sa mini albarka ba ta san dalili ba. Ranar aikin makaranta, da ake sa mu sare ciyawar filin ƙwallo, da dama nake yi kamar kowa, ina lanƙwasa kamar kowa, don ba na son a gane abin da na mallaka kafin ranarsa. Kullum ni kaɗai nake koyo, ba kowa a damana, ba kowa a haguna. Wannan ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Aka yi girbi, aka ɗaure damma, ƙafar Baba ba ta warke ba. Tsutsar gwiwar ta tsinke a ciki, wurin ya kumbura, sai da sanda yake kaiwa masallaci. Da mai shela ya zagaya ya faɗi ranar yashe, Inna ta yafa mayafi ta tafi gidan wanta, Kawu Jaɓɓi. Shi ma yana da fangali a layinmu, kuma sunansa ne a rubuce na gidansa, don haka ba zai iya tsaya wa gida biyu ba. Kawu mutum ne mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana, wanda idan ba ya gona to yana gindin dalbejiyar ƙofar gidansa yana tufkar igiya, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa, hannuwan na murzawa ba ya ko kallo. Rabin jakunan unguwarmu da igiyarsa ake ɗaure su. Shi ya kama hannuna ya kai ni gaban Baba Nahantsi, dattijon da ke shugabantar layin ruwanmu. Tsohon ya dube ni tun daga ƙasa har sama, bai daɗe ba don ba nisa, ya ce, "Wanga ɗan abu? Jaɓɓi, aiki za mu yi ko reno?" Kawu ya ce, "Ku sa shi kusa gare ni. Abin da yab bari, ni ka cikawa." Aka karɓe ni a kan haka.

Yashe yana da tsarinsa, kuma ba wanda ke koya maka da baki, don kowa a ciki ya tashi. Ana jeruwa kafaɗa da kafaɗa a cikin ruwa da taɓo har gwiwa, ni kuwa har cinya. Kowa da adda a dama, da sanda mai ƙugiya a hagu. Da sandar za ka jawo shallar ta kwanta, ka kawo sara daga dama zuwa hagu, ka tura abin da ka sare baya, ka yi gaba. Tunda kowa haka yake yi, addunan duk gefe ɗaya suke tafiya, ba wadda ke gamuwa da wata, shi ya sa ake iya matsewa haka. Mutum ba ya duba na kusa da shi, ya riga ya san inda ƙarfensa zai bi. An sa ni a hagun Kawu, wato shi yana damana. Aka yi bismillah, aka fara da hantsi.

Da dama na fara, kamar kowa. Kai, shalla ba ciyawar awaki ba ce! Ka sare ta ta lanƙwashe, ta miƙe tana kallonka. Kafin rana ta yi tsaka, tafina ya yi bororo, layi ya wuce ni da taki uku, Kawu yana saran nasa yana miƙo hannu yana rage nawa. Wani daga can ƙarshe ya ɗaga murya ya ce a kawo wa jinjirin Jaɓɓi kunu, aka yi dariya. Na ga Baba Nahantsi a kan gaɓa ya tsaya daidai inda nake, ya harɗe hannuwa a baya. Na tuna dashen albasarmu da ke wurin reno, wanda ni da yayyena muka yi wata guda muna ba shi ruwa da tulu. Sai na sauya: sanda ta koma dama, adda ta koma hagu. Nan fa abu ya yi kyau. Na kafa ƙafa, na taso da sara daga ƙugu, shalla ta riƙa zubewa tun daga gindi. Taki ɗaya, taki biyu, taki uku, sai ga ni kafaɗa da kafaɗa da manya. Na ji daɗi a raina irin wanda ban sake ji ba har yau, wannan ba zan ɓoye ba. Sarana yana tafiya daga hagu zuwa dama, yana ƙarewa daidai inda Kawu ke miƙo hannun hagunsa da sandar ƙugiya. Muddin ina baya, ba abin da ya faru. Da na cim ma layi ne addata ta sauka a bayan hannunsa.

Bai yi ihu ba. Ya saki sandar, ya danna hannun a hammata, ruwan gabanmu ya yi ja. Kafin kowa ya waiwayo ya sa ƙafa ya danne addata cikin taɓo, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Mai da ita dama. Kak ka ɗaga kai." Baba Nahantsi ya gangaro yana tambaya, "Mi yaf faru?" Kawu ya ce, "Addata ce taz zame. Tsufa ya fara sallama." Wanda ya sari kansa, ƙaddara ce, a yi masa sannu a ƙirga masa aikinsa. Wanda ya sari wani kuwa, fita zai yi daga layi, shi da gidansu. Tsohon ya dubi hannun, ya dubi addar Kawu, ya dube ni. Ina sunkuye, na ciro addata daga taɓo da hannun dama. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a ɗora Jaɓɓi a keke a kai shi asibiti, sauran a ci gaba. Na ƙarasa yinin nan da dama, ina baya da taki biyar, ba wanda ya ƙara yi mini ba'a. Da la'asar aka kira sunan gidanmu cikin waɗanda suka yi aiki, na amsa.

Malam Bitrus ne ya ɗinke hannun. Kashegari da yamma ya roƙi Baba ya ara masa ni in taya shi ɗaga kaya, karo na farko ke nan da na taka cikin ɗakin. Ya rufe ƙofa, ya kira sunana ya ce, "Sanda, na ɗinke hannu da yawa. Mutum ba ya saran kansa ta wannan gefen. Wa ke tsaye a hagunsa?" Na ce ni ne. Sai kuka ya zo, tare da shi komai ya fito: turmi, taga, addar Baba, da asirin gwanaye. Ya ce wane asiri? Na ce na hannun hagu, wanda shi da mutumin kaset suke yi. Ya waiwaya ya dubi tagar, ya dubi kabad. Sannan ya ɗauko addar itacen ya damƙa mini a hannun dama, ya dafa kafaɗuna ya tsayar da ni gaban madubin. Yaron da ke ciki da hagu yake riƙe da ita. Na ɗaga dama, ya ɗaga hagu. A gidanmu ba mu da madubi sai ɗan kewayayyen nan na Inna mai faɗin tafin hannu, wanda take sa kwalli da shi, kuma ido ɗaya kawai yake nunawa. Ban taɓa ganin mutum sukutum a madubi ba sai ta tagar nan. Malam Bitrus ya zauna a bakin gado, ya riƙe kai, ya ce, "Wata biyar? Da ka yi sallama, ai da na buɗe maka ƙofa." Bai gaya wa kowa ba. Bayan kwana biyu na ga ya juya kabad ɗin ya fuskanci bango.

Ruwa ya zo mana a zagayen farko. Muka yi dashe, ni da yayyena da Baba yana dogara sanda yana ba da umarni daga kan kunya. Albasa ta yi kyau a shekarar, muka yi rumfa biyu ta ajiya, ba mu sayi hatsi da tsada ba sai gab da sabon gero. Hannun Kawu ya warke, amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe cikin tafi, ba su ƙara miƙewa ba. Noma bai gagare shi ba. Tufka ce ta gagara, don igiya da yatsu goma ake murza ta. Ya gwada, ta riƙa fitowa da kauri a nan da siranta a can, mutum kuma mai son aikinsa ba ya sayar da irin wannan. Ya ci gaba da zama a gindin dalbejiyar, hannuwa a kan gwiwa. Nakan bi ta wata hanya idan za ni makaranta. Baba ya rasu bayan shekaru yana cewa Jaɓɓi garaje ya yi masa yawa a wurin aiki, Inna ma haka ta sani.

Sai da na yi aure, ina aikin koyarwa a Sakkwato, sannan na iya zuwa na durƙusa gabansa. Ya tsufa sosai, idanun sun fara hazo. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Kawu, hannun nan, ni ne. Ka gafarta mini." Ya ce, "Albasa ta yi, shekaran nan, ko ba ta yi ba?" Na ce ta yi. Ya ce, "To, mi kaka so kuma?" Can ya ƙara da cewa, "Na ga sa'ad da kas sauya hannu. Na so in hana ka, sai nig ga kana cim ma layi, Nahantsi kuma na tsaye. Nic ce bari yaro shi iso tukuna." Ya nuna buta da haɓa, na miƙa masa, ya karɓa da yatsu ukun nan, ya tashi ya tafi alwala. Ba mu sake maganar ba har ya bar duniya.

Yanzu idan na je gida nakan tarar da samari a bakin titi sun haɗa kai a kan waya, suna kallon irin abin da na kalla a kan turmi. Su kai tsaye suke gani, da sautinsa, su mayar baya sau nawa suka ga dama, ba mai kuskuren hannu. Sai dai ba don shalla suke koyo ba, tun da ƙauyukan wajen Rabah suka daina barci da ido biyu rufe saboda 'yan bindiga. Ƙaramin kanal ɗinmu ya cike da yashi, kowa ya sayi injin ban-ruwa ya kafa a bakin gonarsa, yana aikinsa shi kaɗai, ba mai kiran sunan gidan kowa da la'asar. Ba na cewa da can ya fi sauƙi, don na san abin da ya ci. Amma a lokacin, ko kuskure za ka yi, akwai wanda ke tsaye a damanka.